Wuyana Ya Ƙage, Ga Shi Ban Ma Gama Karatun Haƙori Ba

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Daura ce, shekarata 23, ina aji biyar a karatun likitan haƙori a wata jami'a. In an yi hutu nakan bi wani asibiti a nan gida don hannuna ya faɗa. Tun da muka fara taɓa marasa lafiya bara, wuyana da kafaɗata ta dama ba su bar ni na huta ba. In na yi wankin haƙori ko ciko na awa ɗaya, da ƙyar nake miƙewa. Yanzu kuma cikin dare yatsuna uku na hannun dama sagewa suke yi, sai na tashi na yarfe hannun. Kullum sai na sha diklofenak, wani lokaci mai kemis ya haɗa mini wasu ƙwayoyi a leda. Babana ya ce aikin zaune a inuwa ba ya kawo ciwo, son jiki ne kawai. Gwaggona ta ce bakin mutane ne, har ta karɓo mini rubutu. Wanda zan aura ya ce in ajiye karatun tunda jikina ba zai ɗauka ba. Gaskiya ina jin nauyin kwantar da dattawa da maza a kujera, sai in bar su a zaune ni in riƙa leƙawa. Shin in haƙura da karatun ne? Af, shekaranjiya allurar kashe zafi ta soke ni a yatsa ina cikin mayar mata da murfi bayan na yi wa wani mutum, amma ban faɗa wa kowa ba, kada malam ya ce ban iya ba.

Ɗaliba daga Daura

Wa alaikumus salam ɗiyata.

Abin da kika jefo a ƙarshe da "af" shi ne ya sa na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Ranar da saƙonki ya iso na mayar miki da amsa ta waya cewa ki bar duk abin da kike yi ki tafi asibiti, kin kuma ce kin je, alhamdu lillahi. Abin da aka gano tsakaninki ne da likitanki. Amma zan maimaita maganar a nan saboda 'yan ajinku, don na san ba ke kaɗai ce kika taɓa ɓoye yatsa a aljihun farar riga ba.

Allurar da ta shiga bakin wani ta fito ta shiga namanki tana iya ɗauko cuta uku: ciwon hanta nau'in B, nau'in C, da ƙanjamau. Sunan ƙanjamau ne ke firgita mutane, alhali a lissafi ita ce mai ƙaramin rabo. Cikin mutum dubu da allurar mai cutar ta soka, kamar uku ne ke kamuwa. Ciwon hanta B kuwa, in aka yi rashin sa'a ƙwayar ta yi yawa a jinin mai shi, abin kan kai mutum uku cikin goma na waɗanda ba su yi rigakafi ba. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya gano kashi 8 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, wato kamar mutum ɗaya cikin goma sha biyu. Ki ƙirga mutanen da ke zaune a bencin jiran ku da safe, sai ki san da wa kike aiki. Akasarinsu su kansu ba su sani ba.

In allura ta soki mutum, sabulu da ruwa mai gudu ake sa wa. Ba a tsotsa, ba a matsa da ƙarfi, ba a zuba bilic. Sannan a faɗa wa babban da ke wurin nan take, kafin mara lafiyar ya tafi, don a nemi yardarsa a gwada jininsa. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, kuma gwamma cikin awannin farko, a sha kwana 28 ba fashi. Kariyar ciwon hanta B ta fi amfani cikin awa 24. Malamin da zai yi miki faɗa na minti biyar ya fi miki sauƙi a kan ciwon da za ki kwana da shi shekara arba'in.

Shin kin yi rigakafin ciwon hanta B? Na tambaya ne don na san halinmu, wanzami ba ya son jarfa. Sai a 2004 aka sa shi cikin allurar jarirai a ƙasar nan, kuma ko wanda aka haifa bayan nan kada ya ɗauka an yi masa sai ya ga kati. Allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku wata shida daga ta farko. Bayan ta ukun da wata ɗaya ko biyu a gwada jini a tabbatar ta kama. Batun murfi kuwa, daga yau hannu biyu ba sa haɗuwa a kan allura. Ki ajiye murfin a faranti, ki zura allurar ciki da hannu ɗaya kamar mai kwasar miya da ludayi, sai ya hau kafin ki danne shi.

To, mu zo ga wuya. Ba za ki ajiye karatu ba. Na faɗa tun yanzu don hankalinki ya kwanta ki saurari sauran.

Na yi shekara kusan talatin ina aikin haƙori a nan Katsina kafin in yi ritaya. Yau in zan yi sallama a salla, da kafaɗa duka nake juyawa, wuyan shi kaɗai ba ya kaiwa. Babu wanda ya yi mini asiri. Ni na yi wa kaina, da irin leƙen nan da kika ce kina yi, kullum, shekara da shekaru, ba wanda ya ce mini kanzil. A zamaninmu an koya mana sunan kowace jijiya da ke cikin muƙamuƙi, amma ba wanda ya tsaya ya nuna mana yadda ake zama. Ku yanzu akwai darasin a takardunku, ilimin daidaita aiki da jikin mai yinsa, sai dai yawanci ana haddace shi ne don jarrabawa, a shiga asibiti a bar shi a bakin ƙofa tare da takalmi.

Kan babban mutum ya kai kilo biyar. In yana zaune daidai bisa kafaɗu, ƙashin baya ke ɗauke da shi, tsoka ba ta wahala, kamar dai yarinyar da ta iya ɗaukar tulu bisa gammo. Da zarar kin sunkuyar da shi gaba, aikin ya koma kan tsokar ƙeya da ta kafaɗa. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya fitar da lissafi a 2014 cewa in kai ya sunkuya digiri 45, nauyin da ke kan wuya ya kai kilo 22, in ya kai digiri 60 kuwa kilo 27. Lissafin kwamfuta ne, amma ya isa misali. Jarkar ɗan ga-ruwa ce kike ratayawa a wuya, ki zauna da ita awa guda kina kankare dattin bayan turmin haƙori.

Kuma zaman cak ɗin ya fi nauyin illa. Tsokar da ke motsi tana matsewa tana saki, jini na shiga yana fita. Wadda aka ɗaure wuri ɗaya kuwa matse jijiyoyin jininta take yi, abincinta ya ragu, gajiya ta taru, shi ne tsamin da kike ji tsakanin wuya da allon kafaɗa. Abin da Baba bai lura da shi ba ke nan, kuma ba laifinsa ba ne. Mai noma yana ganin wanda ke zaune ƙarƙashin fanka hutawa yake. Amma tun a 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya lura cewa teloli da masu ɗinkin takalma zaman ne ke sa su yin doro. Shi ne ya ce duk likitan da ya zo duba talaka, bayan tambayoyin da aka saba, ya ƙara ɗaya: wace sana'a kake yi? Baba ya san maɗinka hula da dukawan Daura. Ya tambayi wanda ya tsufa a cikinsu yadda ƙugunsa yake kwana.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe. A cikin wasiƙarki ke da kanki kika faɗi sunan ciwonki ba ki sani ba: kina jin nauyin kwantar da dattawa da maza. Na gane sarai. An tashe mu ne a kan cewa in babba yana zaune mu ke durƙusawa, ba mu haɗa ido da shi, ballantana a ce 'ya mace ta kwantar da sa'an babanta rigingine, ta zauna a bayan kansa ta kama masa haɓa. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba na so ki yar da ita. Amma ki duba abin da take sa ki yi. Kin bar Alhaji zaune a miƙe kamar mai jiran a gaishe shi. Haƙorin da ke ciwo yana sama, can ƙurya. Don ki gan shi sai kin karkace ƙugu, kin kwantar da kai gefe guda, kin ɗaga gwiwar hannun dama sama kamar fiffiken kaza, kin kuma ja jikinki baya don kada ki taɓa shi. Wato kina leƙe kina gudu a lokaci ɗaya. Ga dalilin da ya sa kafaɗar dama ce ke kuka.

Je ki kalli wanzami yana wa dattijo aski. Ba ya zagaya shi yana neman wurin leƙe. Hannu yake ɗora masa a ka, ya karkatar da shi nan, ya sunkuyar da shi can, dattijon kuma ya bi, komai sarautarsa, don ya san aska ce a kansa. Mai kitso ma haka, matar sarki ce ko amarya, "juyo" za ta ce mata, ta juyo. Ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin kunya. Wanda ya kwana uku bai runtsa ba saboda haƙori, ya hau mota tun daga Baure ko Zango ya zo, ba girmamawa ya zo nema ba, so yake a raba shi da azaba. Shi minti talatin zai yi a kujerar ya tafi. Ke shekara talatin za ki yi a gefenta. Saboda haka shi za a juya, ba ke ba.

Ladabin kuma yana nan, a baki yake. Kafin ki taɓa maɓallin kujera ki ce, "Baba, za a ɗan kwantar da kujerar don a ga haƙorin sosai a gama da wuri, a yi haƙuri." Sannan, "A ɗaga haɓa sama kaɗan." "A juyo wajena." "Madalla, sannu Baba." A shekarun da na yi, zan iya ƙirga waɗanda suka ƙi da yatsun hannu ɗaya. In kusancin ne ke damunki, ki sa a tsaya miki da mataimakiya ko ɗan rakiyarsa a ɗakin, ki shimfiɗa masa mayafin aiki a ƙirji, ki sa ɗan ƙaramin hijabi da za ki cusa cikin farar riga. Dogon hijabi a bakin aiki yana jan ƙeya, yana sharar faranti, yana kwasar yawu da jini ya kai gida. In kin fito ki mayar da babbanki.

Akwai waɗanda ba a shimfiɗe su sosai: mai tsohon ciki, wadda ake ɗan karkata ta hagu, da mai ciwon zuciya ko asma ko tsohon da numfashi ke masa wuya in ya kwanta. Waɗannan uzuri ne na lafiya. Rawani da furfura ba sa cikinsu.

Tsarin zaman kansa ba shi da wuya, illa dai ana fara shi ne daga ke, kafin a taɓa kujerar mara lafiya. Ki zauna har ƙarshen kujerarki, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ki ɗaga ta har ƙugunki ya ɗan fi gwiwa tsawo, cinyoyi su ɗan gangara. Kafaɗu a sake, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari. Daga nan sai ki kawo bakin mara lafiya inda hannunki yake, daidai gwiwar hannu ko sama da ita kaɗan, tsakaninsa da idonki kamar santimita 35 zuwa 40. Ido ne ke sauka ƙasa, kai kuwa kada sunkuyonsa ya wuce digiri 20 zuwa 25. In dole sai kin matsa gaba, ki tanƙwara daga ƙugu bayanki a miƙe, yadda ake koya wa yara ruku'u, ba ki naɗe kamar kifin gwangwani ba.

Kin san lissafin agogo da ake koya muku, inda saman kan mara lafiya yake ƙarfe 12. Mai aiki da dama tana yawo ne tsakanin ƙarfe 9 da 12, bahaguwa kuma daga 12 zuwa 3. Kalmar da nake so ki riƙe ita ce yawo. Ɗalibai da yawa sukan kafe a ƙarfe 9 kamar an dasa su, su yi baki duka daga nan. Haƙoran ƙasa, a ɗan ɗago bayan kujera, haɓa ta yi ƙasa. Haƙoran sama, a shimfiɗe shi, haɓa sama, ke kina ƙarfe 11 ko 12, fitila ta biyo kusa da layin idonki, ki yi aiki ta madubi.

Madubin nan shi ne gardamar. Na san yawancinku kun mayar da shi abin janye kumatu kawai, don aiki ta cikinsa yana rikita hannu, ki nufi dama ya tafi hagu. Kowa haka ya fara. Wannan hutun, ki ɗauki madubin baki da takarda da biro, ki zana layi mai lanƙwasa, ki kare takardar da littafi yadda ba za ki gan ta ba sai ta madubi, ki bi layin. Minti goma bayan la'asar, kullum. Kafin a koma makaranta za ki ga bambanci a kan mutum-mutumin roban nan da kuke koyo da shi. In madubin yana yin hazo a baki, ki tsoma shi a ruwan ɗumi ko ki goga shi a cikin kumatun mara lafiyar kafin ki fara. Za ki ji ana zancen tabarau mai ƙara girma. Yana da amfani in an auna shi daidai da mai shi, amma yana da tsada, kuma ba ya gyara wanda bai iya zama ba. Abin da ya fi gaggawa shi ne ki je a gwada idonki, don wani sunkuyon rashin gani ne.

Yatsun da ke sagewa, ina kyautata zaton babban yatsa ne da manuni da na tsakiya. Akwai jijiya da ke ratsa wata 'yar ƙunƙuntar hanya a wuyan hannu tare da igiyoyin da ke lanƙwasa yatsu, ita ke ba waɗannan ukun ji, da rabin na huɗu. In wurin ya kumbura saboda yawan matsi da karya wuyan hannu, sai ta shaƙe, ta fi kuma damun mutum da dare saboda yawancinmu da hannu a naɗe muke barci. Wani lokaci kuma daga wuya matsalar ke saukowa. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, sai an duba ki. Kafin nan, ki riƙe ƙarfen aiki yadda aka koya miki, kamar alƙalami, ki kafa yatsa na huɗu a kan haƙori ya zame miki madogara, wuyan hannu a miƙe. Ki wasa ƙarfen kankare haƙori, don dakusasshe ninkin ƙarfi yake ci, duk matar da ta taɓa yanka kuɓewa da dakusasshiyar wuƙa ta san haka. Mai kaurin mariƙi, kamar milimita 10, mara nauyi, ya fi siririn nan sauƙi a yatsa. Safar hannu in ta matse ki, ki nemi ta gaba da ita. Likita zai iya ba ki abin ɗaure wuyan hannu da dare. Kuma ɗiyata, kwanciya rigingine da waya a sama har ƙarfe ɗaya na dare ana karatu ko ana WhatsApp, duk a kan hannun nan da wuyan nan ake biya.

Kada ki jira sai kin gama aiki kafin ki motsa. Duk lokacin da kika tsaya canza ƙarfe, ko kina jiran allura ta kama, ko mara lafiya na kurkure baki, ki ja haɓa baya kamar mai jin wari, ki haɗe allunan kafaɗa ta baya, ki karkata zuwa ɓangaren da ba shi kika daɗe a kai ba, ki buɗe yatsu. Daƙiƙa ashirin ta isa. Tsakanin mutum da mutum ki tashi tsaye ki taka. Da yamma ki yi tafiyar ƙafa ta rabin awa.

Ƙwayar kemis kuwa, ki daina. Diklofenak na kwana biyu ko uku bisa umarnin likita daban, na kullum daban. Yana cin bangon ciki ya kawo olsa, yana taɓa ƙoda, balle ga mai shan sa da yunwa cikin zafin Daura ba ta shan ruwa sosai. Haɗin leda ya fi muni, don ba ki san me ke ciki ba. Sau da yawa akan jefa irin maganin nan mai kumbura fuska, wani ma har da tiramadol. Ke da za ki riƙa rubuta wa mutane magani nan da shekara biyu, bai dace a ce kina haɗiyar abin da ba ki san sunansa ba. Sannan ciwon nan saƙo ne. In kika toshe masa baki kika ci gaba da zaman da kike yi, ɓarnar ba ta tsaya ba, labarinta ne kawai ya daina iso miki.

Na san za ki ce, Anti, kujerar wurinmu ba ta motsi in an ɗauke wuta, fitilar ta mutu, da tocilan waya ake haskawa. Na yi aiki a irin wurin, har da kujerar da aka tokare da bulo. In abin ya zama haka, ki yi a tsaye, ƙafafu a ɗan buɗe, ki sa matashi ko naɗaɗɗen tawul a ƙarƙashin wuyan mara lafiya don haɓa ta ɗagu, wani ya riƙe miki haske, ko ki sayi fitilar goshi mai caji, ba ta kai kuɗin atamfa ba. Dama cire haƙori yawanci a tsaye ya fi. Aikin da zai ɗauki awa guda kuma ba na gaggawa ba, a ɗaga shi sai an tada janareta. Ki roƙi wata 'yar ajinku ta ɗauke ki hoto daga gefe kina aiki ba ki sani ba, ban da fuskar mara lafiya. Hoton zai ba ki kunya fiye da duk dattijon da kika taɓa kwantarwa. Ki kai wa malaminki ki ce ya gyara miki zama. Malamai sun fi son ɗalibin da ya tambaya.

Sauran haɗurran sana'ar kin san su, tuni kawai zan yi. Tabarau da takunkumi duk lokacin da injin ke feshi, don tarin fuka bai ƙare a ƙasar nan ba. Kada ki kalli shuɗin hasken busar da ciko ba tare da kariyar nan mai ruwan lemo ba. In ana ɗaukar hoton haƙori ki ja baya mita biyu, kuma kada ki taɓa riƙe wa mara lafiya fim a baki da yatsanki, ko da tsohuwa ce ta ba ki tausayi. Baƙin cikon nan kusan rabinsa zaiba ne, ba a murza shi da hannu, ba a zubar da ragowarsa a kwandon shara.

Mutanen gida kuma, a bi su a hankali. Gwaggo ƙauna ce ta sa ta nemo rubutu, ki yi mata godiya, addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Baba kada ki yi masa musu. Wata rana yana cikin nishaɗi ki miƙa masa kofin ruwa ki ce ya riƙe da hannu a miƙe, kai a sunkuye, ku ci gaba da hira. Kafin minti uku zai sauke, sai ki ce, "Baba, haka nake yi awa guda." Shi kuwa mai neman aurenki, zan yi masa kyakkyawan zato in ce tausayi ne ya sa shi faɗin haka. To ga inda tausayi zai yi amfani: ya kawo ki Katsina ganin likita, ya biya kuɗin rigakafin hanta, ya sayi fitilar goshi. In ya yi waɗannan da sakin fuska, kin samu miji. In kuwa ya nace sai dai a ajiye karatu bayan an nuna masa abin yana da gyara, to dama ba wuyanki ne damuwarsa ba, sai ku zauna da manya tun kafin a sa rana. Shekara biyar kika zuba, saura ɗaya, kuma matan karkararmu da yawa sun gwammace su kwana da kumburarren kunci da su buɗe wa namiji baki.

Akwai alamun da ba a jira da su: hannu ya rasa ƙarfi har abu na suɓuce miki, naman gindin babban yatsa ya fara lotsawa, sagewar ta zama dare da rana, ƙafafu su yi nauyi ko tafiya ta canza, fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa, ko ciwon baya ya haɗu da zazzaɓi da gumin dare da rama, don tarin fuka yana kama ƙashin baya ma. Ko ɗaya daga ciki kika gani, asibiti a ranar.

Ko babu su, tunda abin ya shekara kuma ya kai ga yatsu, kada hutun nan ya ƙare ba a duba ki ba. Daga Daura zuwa Katsina tafiyar safiya ce. Ki zo Asibitin Koyarwa na Tarayya, ki ga likita, ki nemi a tura ki sashen gashi, wurin masu fisiyo. In sun ga abin ya fi ƙarfinsu akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ki tafi da hoton nan da aka ɗauke ki kina aiki, da ledar ƙwayoyin kemis in da saura, da katin rigakafinki in Inna ta adana shi. Bayan wata biyu ki sake rubuto mini, ina so in ji dattijo nawa kika kwantar da kuma abin da suka ce.

Antinki a Katsina